Kocin Titin Sheme

Malam Mas'ud ɗan Sheme ne, karatun aikin gona ya kai shi Rasha tun yana saurayi. A can, a wani gari da dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa rabin shekara, ya ga ɗalibai suna ɗaura dogayen alluna sirara a ƙafa, su riƙe sanduna biyu, su yi ta tsere cikin daji, hawa da gangara. Ya gwada ne don ya gaji da zaman ɗaki shi kaɗai. Ranar farko ya sha faɗuwa har ya fasa leɓe. Amma ƙirjin da ya tashi yana bin shanun mahaifinsa ba ya saurin gajiya, kocin jami'ar kuwa ya lura. Kafin ya gama karatu yana shiga gasa, yana wuce waɗanda aka haifa cikin sanyin. Wata rana a gangara gwiwarsa ta murɗe, jijiya ta tsinke. Likita ya ce zai yi tafiya, amma tsere ya ƙare.

Ya dawo gida da ɗingishi da wasu gajerun alluna masu tayoyi, irin waɗanda 'yan wasan ke atisaye da su a kan kwalta idan babu dusar. Ya kama koyarwa a wata sakandare a Faskari, ya auri Suwaibatu. Kowace safiya bayan sallar asuba sai ya fito da allunan bakin titin da ya nufi Ƙanƙara, ya ce duk mai so ya zo ya koya. Masu shayi suna dariya, suna cewa Malam ya kwaso aljanin Turawa. Samari suka yi ta zuwa, suna kurje gwiwa suna gudu.

Nata'ala ne bai gudu ba. Ɗan wani ƙauye ne kusa da Sabuwa, yana zaune wurin kawunsa a Sheme, yana dakon buhunan masara ranar kasuwa. Ba shi da yawan magana. Idan ya faɗi sai ya tashi ya kakkaɓe jiki ya ce, "Malam, me na ɓata?" Mas'ud na bin sa a babur yana ihu, "Da ciki za ka tura, ba da hannu ba!" Shekaru suka wuce a haka, har Mas'ud ya gane yaron ya fi shi duk abin da ya taɓa zama. Ya ɗauki bidiyonsa a waya ya tura wa tsohon kocinsa na Rasha. Ba a jima ba kocin ya kira, muryarsa ta tsufa, ya ce a kawo masa shi kafin sanyi ya shigo.

A ranar nan, Suwaibatu ta ga mijinta yana taka rawa a tsakar gida da gurguwar gwiwarsa.

Saura kwanaki tafiya Nata'ala ya ce zai je ya yi wa mahaifiyarsa, Inna Adama, sallama. Mas'ud ya ce hanyar ba lafiya, a kira ta a waya mana.

"Malam, ba ni tahiya ƙasar da ban sani ba, ba ta ɗora mani hannu a kai ba."

Mas'ud ya ƙyale shi ya tafi.

A hanyar dawowa, da rana tsaka, 'yan bindiga suka buɗe wa motar da Nata'ala ke ciki wuta. Mutum biyu suka rasu nan take. Nata'ala ya ja jiki cikin gonar dawa da harsashi a ƙwauri, bai samu asibiti ba sai washegari. Zuwa lokacin ƙafar ta lalace. Aka yanke ta ƙasa da gwiwa.

Mas'ud bai bar gefen gadonsa ba. Shi ke juya shi, shi ke riƙe masa buta. Da ciwon ya fara kamewa, sai ya matso da kujera ya ce akwai masu yin wasan a zaune, kan wata 'yar kujera mai alluna, da ƙarfin hannu kawai, kuma ya riga ya yi magana da mutanen can.

Nata'ala ya juya fuskarsa bango.

"Malam, ka yi mani komai, Allah shi saka maka. Amma don girman Allah kada ka ƙara yi mani maganar wasan nan."

Mas'ud ya fita waje ya tsuguna, ya yi kukan da bai yi ba ranar da tasa gwiwar ta tafi.

Bayan haka iyaye suka janye 'yan yaran da suka fara zuwa daga baya, suka ce titi da sassafe ba wurin wasa ba ne yanzu. Mas'ud bai ga laifinsu ba. Suwaibatu ta naɗe allunan cikin buhu ta tura ƙarƙashin gado.

Yanzu Nata'ala yana da tebur a bakin titi, yana sayar da rake da gyaɗa, sandarsa jingine a gefe. Kullum Mas'ud ya taso daga makaranta sai ya tsaya su gaisa. Su yi maganar damina, su yi maganar jikin Inna Adama, kowa na kauce wa idon ɗan'uwansa.

Wani yammaci, Mas'ud ya riga ya tayar da babur, Nata'ala ya ce, "Malam."

"Na'am."

"Ita dusar nan, in an taka ta, tana ƙara?"

Mas'ud ya kashe babur ɗin.

"Tana yi. Kamar ana tauna ƙanzo a ɗakin maƙwabci."

Nata'ala ya gyaɗa kai. Wata motar haya ta tsaya, fasinja ya miƙo hannu ta taga yana neman rake, shi kuma ya ɗauki wuƙarsa ya fara fere masa.