Katunan Masinja a Bakin Almakashi

Masinja ya dawo daga ofis da la'asar, ya tsaya a ƙofar ɗaki kamar an dasa shi. Katunansa ne warwatse a ƙarƙashin keken ɗinkin matarsa, an yi musu gunduwa-gunduwa.

Wata uku ya yi yana rubuta su a bayan kwalin sabulu, kalma a sama, ma'ana a ƙasa, duk na darasin almara da waƙoƙin jarumta. Gobe da safe jarrabawa. Sau biyu yana faɗuwa, kuma makarantar manya ba ta ba mutum dama ta huɗu.

Ya duƙa ya ɗauki wani yanki. An fitar da siffar wuyan riga daga tsakiyarsa.

"Maman yara! Me kika yi min?"

"Au, naka ne?" Matar ta cire allura daga bakinta. "A jakar kwalayena na same su, a kife. Da su nake fitar da wuya."

Gaskiyarta ce. Daga jakar yake kwasar kwalin, bai taɓa tambaya ba, jiya kuma ya mayar da su can don kada yara su taɓa. Bai gaya mata ba, domin a ganinsa tela ba ta da abin yi da zancen ilimi. Raini kenan, ba wani suna gare shi ba.

Ya zube a bakin gado yana duban guntun da ya rage. "Mutuntarwa," ya karanta. Ma'anar ta tafi da almakashi. Ya lalube ta a kansa, wayam.

"Ba wa abin da ba mutum ba halin mutum," in ji ta, tana taka keke. "Kamar a ce kogi ya yi fushi ya kori mayaƙa."

Ya ɗago kai a firgice. "Kambamawa fa?"

"Zuzuta abu ya wuce hankali. Jarumi ɗaya ya kashe dubu kafin karin kumallo. Irin labarin da kake ba mu na ofis."

Ya jero mata kalmomi goma sha biyu. Ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

"A ina kika koya?"

"A ina kuwa? Wata uku kana yi mana ihunsu a ka. Kai kana kallon kwali, ni ina saurare."

Ya dube ta da kyau. Shekara ashirin suna ɗaki ɗaya, bai san da wa yake zaune ba.

"Maman yara," ya ce a hankali, "ko za ki taimaka?"

Ta tura masa 'yar kujerar da masu kawo ɗinki ke zama.

"Zauna, Malam ɗalibi. Mene ne jigo? Kuma ban da leƙen guntayen da ke ƙasa."