Shofaj ɗin Ya Kaka

Lailatu ta danna maɓallin shofaj ɗin, murhun gaz na ɗumama ɗaki, da babban yatsa, ta riƙe, ta ƙyasta alimeti. Wuta ta kama, shuɗiya shar, ta bi fuskar ƙarfen har ya yi ja. Ta saki a hankali, bai mutu ba.

"Ka gani ko, Malam Abatcha? Da rana haka yake, kamar mutumin kirki. Sai an kwanta yake nuna halinsa. Ɗan banza!"

Abatcha, mai sayar da gaz a bakin kasuwar Gure, yana tsugune a tsakar gidan, rawani har hanci saboda ɗari. Mutum ne da sai ka yi magana uku kafin ya mayar maka da ɗaya, abin da ke ƙara ƙular da Lailatu kenan.

Ƙaninta Fannami, direban babbar mota, shi ya kawo shofaj ɗin daga Libiya don mahaifiyarsu, Ya Kaka. Tsohuwar na da ciwon fuka. Sanyi na tayar mata da shi, hayaƙi kuma ya fi sanyin sharri. Bara kaskon gawayi aka sa mata a ɗaki, aka kwashe ta zuwa likita kamar ba za ta dawo ba, lokotoro ya ce kada a sake. To, ga shi bana an samu abin ɗumi marar hayaƙi, ya yi aiki lafiya lau da farko, sannan ya tsiro da wannan iskancin. Kowace asuba Lailatu za ta tarar da shi a mace, ƙarfen sanyi ƙalau, uwarta a dunƙule cikin bargo tana tari. Ita kuwa ta rantse bana sanyi ba zai kai mata uwa likita ba.

Abatcha ya ɗaga butel ɗin, tukunyar gaz, ya girgiza. Da gaz, fiye da rabi ma. Ya sa aka kawo masa ruwan sabulu, ya shafa wa tiyon daga kai har gindi, ko kumfa ɗaya bai tashi ba. Ya cire detandar da ke daidaita fitar gaz a bakin butel ɗin ya sa sabuwa. Ya sa allura ya sakace 'yar ƙofar da ƙaramar wutar nan mai kunna babbar ke fitowa, ya hura, ya mayar.

"Lafiyarsa lau," in ji shi.

"Lafiyarsa lau? To ni ce ba ni da lafiya kenan."

Ta kwance gefen zanenta ta ciro wata igiyar roba, irin wadda ake yankowa daga shambur, robar cikin tayar moto.

"Yabawa maƙwabciyata ta ba ni dabara. Ai in ka danna maɓallin ka riƙe, ba ya mutuwa. To ka ɗaure mini shi da wannan, ya kwana a danne. Da na iya ja da ƙarfi da tuni na yi da kaina."

Abatcha ya karɓi robar ya juya ta a hannu. Ya miƙa mata abarta.

"Ban ɗaure abin da ban ga cutarsa ba, Lailatu. Mu kai shi inda yake kwana."

Suka kinkime shi zuwa ɗakin Ya Kaka. A nan kam Lailatu ta ɗan saki fuska, don ɗakin nan aikin hannunta ne, kuma tana alfahari da shi. Da ɗari ya tsananta, ita da kanta ta kwaɓa laka ta liƙe 'yar tagar. Ta bi bakin kwano ta cusa tsumma a kowace kafa. Ƙofar kuwa bargo ta buga mata da ƙusa, har yana jan ƙasa. Kwana biyu bayanta na ciwo, amma ko iskar da za ta kaɗa zare ba ta shiga.

Ya Kaka na zaune a kan katifa da carbi. Abatcha ya durƙusa ya gaishe ta da Barbarci, suka yi ta jan gaisuwa, ta tambayi iyalinsa da garkar dabinonsu. Ya kunna shofaj ɗin, ya ce a rufe ƙofa yadda ake rufewa da dare.

Aka rufe, aka zauna.

Lailatu sai mutsu-mutsu take, ga tuwo ba ta ɗora ba, ga wannan bawan Allah ya miƙe ƙafa yana hirar raƙuman da aka yi a Kelle tun ba a haife ta ba. Ɗakin ya yi ɗumi mai daɗi. Can ta yi hamma, ta sake yin wata. Kanta ya fara nauyi, wani abu na sara mata a goshi. Ta ga Abatcha ma yana murza idanu, hirar ta ja baya. Ƙirjin Ya Kaka ya fara wannan 'yar busar da Lailatu ta fi tsana a duniya.

"Dubi nan," in ji Abatcha.

Ƙaramar wutar ta yi tsawo, ta zama rawaya, tana rawa, tana ɗagowa daga mazauninta kamar mai son tashi. Sai suka ji ƙas! Komai ya mutu.

"Yawwa! Ka gan shi ko? Ka ga..."

Abatcha bai tsaya saurarenta ba. Ya miƙe, mutumin da ba a taɓa ganin saurinsa ba, ya banke ƙofar har bargon ya yage. Iska mai sanyi ta shigo. Lailatu ta ja ta har cikin ciki, sai a lokacin ta gane ashe nema take.

"Yaushe ya fara mutuwa?"

"Mako biyu kenan, ko fiye."

"Yaushe kika liƙe tagar?"

Ta ƙirga a ranta, mako biyu kenan.

"Na ji direbobi na cewa irin wannan yana da wani abu a ciki, in iskar ɗaki ta ƙare sai ya yanke gaz da kansa. Wallahi na ɗauka zancen 'yan tasha ne, sai yau na gani da idona. Shi da Ya Kaka iska ɗaya suke sha. Da ya ga ba za ta ishe su ba, shi ya haƙura." Ya dubi robar da ke hannunta. "Da an ɗaure shi, ba zai iya haƙurar ba."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Lailatu ta zauna a dokin ƙofa. Tsoro ya kama ta, irin wanda ke zuwa bayan abu ya wuce. Daren yau ta yi niyya, ko Abatcha ya yarda ko bai yarda ba. Har ta gaya wa mijin Yabawa ya shigo bayan isha'i ya ja mata robar.

"Alhamdu lillahi," ta ce. Ta yi ta maimaitawa, hawaye na zuba, ba ta ko share ba. "Malam Abatcha, Allah ya saka maka da alheri. Allah ya raba ka da sharrin gaggawa irin tawa. Allah ya yi wa Fannami albarka, da wanda ya ƙera abin nan, ko wane ne shi."

"Amin. Ki buɗe tagar, ko tafin hannu ne. Tsumman nan ma a rage."

Ta tashi ta ɗauko taɓarya. Bugu uku lakar ta zube waje, haske ya faɗo a kan katifar. Ta juya tana haki, tana jiran faɗa, don Ya Kaka ba ta barin ɓarna ta wuce ba ta tanka ba. Amma tsohuwar sai kallon tagar take, busar ƙirjinta na lafawa.

"Ya, ki yafe mini. Mako biyu kina kwana a haka, ban sani ba."

"Ni na sani," in ji Ya Kaka.

"Kin sani?"

"In ƙirjina ya toshe, sai in rarrafa in buɗe ƙofa kaɗan, in sa hanci. Kafin kiran salla in rufe in koma."

"Ya! Me ya hana ki gaya mini?"

"Na ga wahalar da kika sha a kan lakar nan. Kina ta murna. In ce miki me?"

Lailatu ta durƙusa gabanta, ta kama hannayen nan masu sanyi ta riƙe.

"To yaya kike farkawa? Ke da ko ganga aka buga ba kya ji in kin yi barci?"

Ya Kaka ta nuna shofaj ɗin da carbinta.

"Ƙarar nan da yake yi in zai mutu. Ita ke tashe ni."