Kular da Ta Yini a But

Wata bakwai Dakta Ladan yana jiran 'yar kwalbar nan. Enzayim ne irin na jikin mutum, wanda ƙwayoyin halitta ke amfani da shi wajen haɗa tubalan DNA, amma an samar da shi a ɗakin gwaji a ƙasar waje. So yake ya gwada ko ɓawon wasu itatuwan yankin Tirwun zai iya dakatar da aikin enzayim ɗin. Sharaɗi ɗaya aka kafa masa: kada ya bari ya rabu da sanyi.

Ranar Alhamis ya karɓo kwalbar a tasha, cikin kula mai ƙanƙara. A hanya aka kira shi, wai ana ɗaurin auren 'yar abokinsa a GRA. Ya ce minti goma zai yi, sai da ya yi awa huɗu, mota na cikin rana. Da ya buɗe but ɗin motar a jami'a, ƙanƙarar ta zama ruwa. Ya waiga, ba kowa. Ya goge kwalbar da gefen rigarsa ya tura ta firiza.

Ranar Litinin aka yi gwaji. In enzayim na da rai, shuɗin ruwan da aka ɗiga shi ciki zai dushe. Shi da ɗalibansa da shugaban sashe suka zuba ido minti ashirin, ruwa na nan shuɗi.

"Me ya faru?" in ji shugaban sashe.

"Wataƙila firiza ce ta mutu a ƙarshen mako," in ji Ladan, idonsa a kan teburi.

Firizar kuwa a hannun Madam Roda take, ma'aikaciyar ɗakin gwajin, shekara goma sha tara tana wurin. Washegari aka ba ta takardar tuhuma. Ta karanta a tsaye, ta ninke, ta ci gaba da wanke kwalabe.

Kwana biyu Ladan yana zagayawa ta bayan gini don kada su haɗu. A na uku ya shiga Keke zuwa gidanta a Yelwa, ya same ta tana tsince shinkafa.

"Madam, ba firiza ba ce. Ni na bar shi a mota."

"Na sani, Dakta. Takardar jikin kwalbar a jiƙe take, har rubutun ya zuba. Kuma Asabar da Lahadi duk na je na duba firizar, daga coci ma na wuce."

"To me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Ɗalibanka na tsaye a wurin."

Ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ta miƙo masa ruwa, ya kasa sha.

Da safe ya rubuta abin da ya faru ya kai wa shugaban sashe da hannunsa. Aka janye takardar Madam Roda. Shi kuma aka ce ya maimaita bayanin a taron sashe, ya tashi ya maimaita. Binciken bai ci gaba ba sai bayan damina, da wata kwalbar ta iso.