Kwalba a Cinyar Doña Tránsito

Kwalbar ta sauka a cinyarta kamar yadda ta sauka a cinyar kowa. Haka masu tallan cikin bas suke yi a hanyar Santa Ana: su bi kujera-kujera suna ajiye kaya a jikin fasinja, su zuba jawabi, sannan su dawo karɓa. Doña Tránsito ta damƙe tata. Yau ko wutar kaskon pupusa, wainar masarar da take sayarwa, ba ta hura ba. Tun safe take hawa mota tana sauka, tana neman wani mai talla da ta gane da farar rigarsa da muryarsa.

"Riƙewa ba saye ba ne, 'yan'uwa," in ji Wilmer mai talla, sanye da farar rigar nan, yana dafe da ƙarfen rufi. "Ƙwayar kromiyam ke nan. Yana narkar da teɓa, yana kwantar da sukari. Illa ko kaɗan babu, daga ƙasa Ubangiji ya fito da shi."

"Kunama ma daga ƙasa take fitowa," in ji Doña Tránsito.

Aka yi dariya a baya. Wilmer ya taya su.

"Kaka, yau ba a karya ba ne?"

"Kakarka tana gidanku. Ni uwar Marisela ce, mai ɗinki. Wadda ka ce ta riƙa ninka abin da aka rubuta a jikin kwalba, in tana son rigar aurenta ta shige ta."

Rigar kuwa ta shiga. Marisela ta ci gaba da sha wata da watanni, har ranar da ƙafafunta suka kumbura, aka kai ta asibiti, aka ce ƙoda ta gaji, kuma ga ciki. Likitan ya juya kwalbar a hannunsa ya daɗe. Ya ce masu bincike sun gwada irin wannan. Wasu sun ga alamar yana taɓa ƙwayoyin halitta, wato zaren da uwa ke miƙa wa ɗanta, wasu kuma ba su ga komai ba. Game da jaririn, kalma huɗu kawai ya iya ba su. Tun daga ranar Marisela ke zaune gaban keken ɗinki, hannu a ciki, ƙafa ba ta motsi. Da Doña Tránsito ta kai ƙara ofishin lafiya kuwa, an sallame ta da cewa wannan ba magani ba ne, ƙarin abinci ne.

Ta tsare Wilmer da ido. "Likita da karatunsa ya ce, 'Ba mu sani ba.' Kai da ka sani, a gidan wa ka sani?"

"Doña, haka kwali ya ce. Ni ma ba ni aka yi in sayar."

"Kwali ba shi da baki. Kai ka yi magana."

"Mama, ki zauna kada ki faɗi," in ji direba ta cikin madubi.

"Kai dai duba hanyarka."

Ta murɗe murfin, ta zazzage ƙwayoyin a tafin hannunta da wutar kasko ta ƙone. Ta miƙa masa har ƙirji.

"Na ga matarka a kasuwa tana yanka mangwaro. Ita ma cikinta ya fito. Ungo, kai mata, ninki biyu. In ba za ka kai ba, ka gaya wa mutanen nan abin da likita ya gaya mini."

Wata mai ƙiba da ta riga ta buɗe jaka ta mayar ta rufe. Wilmer ya dubi ƙwayoyin, bai kai hannu ba.

"Ban sani ba," ya ce can ƙasa.

"Da kana talla har na bayan mota suna ji."

Ya ɗaga murya. "Na ce ban sani ba ko yana da illa."

Hannuwa suka ɗago daga kujeru, kowa da kwalbarsa. Ya bi yana tattarawa, bai kalli fuskar kowa ba, tata kuwa bai nema ba. A tsayawa ta gaba ya sauka.

Doña Tránsito ta zauna. Sai ta taga ta hango farar rigar tana kama ƙofar motar da ke bayansu, murya kuma ta tashi tas kamar sabuwa: "Riƙewa ba saye ba ne, 'yan'uwa."

Ta mayar da ƙwayoyin cikin kwalba, ta ɗaure murfi, ta bugi jikin motar da tafin hannu.

"Tsaya, ɗan nan. Zan sauka."