Mutum Na Huɗu a Layi

"Matso da ita nan, 'Yar Boko, idon ba na jiya ba ne."

Na matsa da wayar Mama kusa da fuskarsa. Baba Rediyo ya ɗago kai daga matashi da ƙyar, ya ƙura wa hoton ido. Maza ne a tsaye cikin dogon layi a bakin wata ƙofar ƙarfe da aka rufe, kowa ya sunkuyar da kai.

Maƙwabcinmu ne, ƙofarsa na kallon tamu. Shekara hamsin ya yi yana gyaran rediyo a ƙarƙashin matakalar gidan, har sunan ya bi shi. Ya haura casa'in. Tun da ƙafafunsa suka kumbura ya daina fitowa, 'yarsa da muke ce wa Anti Nas ta dawo ɗakin tana jinyarsa.

Abin ya faro ne daga aikin makaranta. Malamar tarihi ta ce kowa ya rubuto shafi biyar a kan karayar tattalin arzikin da ta girgiza duniya tun daga 1929. A laburarenmu littafi biyu ne kacal suka taɓo zancen, ɗaya ma an yage masa tsakiya. Kwamfuta uku ce, kowa minti ashirin, na bayanka na tsaye yana hura maka iska a wuya. Abin da na kwafo nake zuwa in karanta da ƙarfi a baranda don ya zauna min.

Ran nan ina cikin karatu na ji murya ta tagarsa.

"Ke, wace shekara kika ce?"

Na faɗa masa.

"To shigo. Littafinki labari ya ji. Ni a ciki aka haife ni."

Na zauna a bakin gadon. Ya ce babansa ɗan dako ne a wani babban sito da ake sayen amfanin gona. Farashi ya faɗi warwas, aka garƙame siton, aka sallami kowa. Mahaifiyarsa na da cikinsa wata bakwai uban ya ɗauki tabarmarsa ya ce zai nemi aiki a tashar jiragen ruwa, da ya samu zai aiko. Shi ke nan, ko wasiƙa.

"Ko hotonsa ban taɓa gani ba. Abin da uwata ta ce kawai, kafaɗarsa ta hagu ta fi ta dama sauka, buhu ne ya danne ta." Ya yi tari, Anti Nas ta tallafo shi ya kurɓi ruwa. "Wannan injin naku da aka ce ya san komai, tambayar min shi mana."

"Baba, ka bar yarinya ta yi aikinta," in ji Anti.

"Ai aikin nata ke nan. Ke allura kika sani."

Kwana uku ina ƙona mintunana ashirin a kan sunan mutumin. Na rubuta shi ta kowace siga, na haɗa da sito, na haɗa da tashar. Babu. Rana ta uku mai kula da laburaren ta tsaya a bayana, na ɗauka korata za ta yi. Da na ba ta labari sai ta ce wa na bayana ya dawo gobe.

"Irin su ba a rubuta sunansu, 'yata," ta ce. "Masu siton za ki samu, har da ranar haihuwarsu. Nemi hotuna."

Ta nuna min rumbun tsofaffin hotuna a intanet. Da yamma na roƙi Mama wayarta, na buɗe shafin na kai masa.

Ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa ya bi layin daga gaba.

"Ɗaya, biyu, uku... Tsaya. Ƙara min girman wannan."

Na buɗa hoton da yatsu biyu. Wani siriri ne, ya ba da baya rabi, fuskar duk ta dushe. Kafaɗarsa ta hagu a karkace take. Sai dai rubutun da ke ƙasan hoton ya faɗi inda aka ɗauke shi: wata ƙasa ce can ƙetaren teku. Na kalli Anti, ta girgiza min kai a hankali, wato in yi shiru. Na kasa.

"Baba, wannan hoton fa ba a nan..."

"Na sani. Kin ɗauka na rikice ne? Ƙafa ce ta kumbura, ba kai ba." Ya yi 'yar dariya da ta ƙare da tari. Bai ɗauke ido daga wayar ba. "Ba shi ba ne. Amma dubi yawansu, 'Yar Boko. Akwai wasu?"

Na nuna masa wani layin, da wani, da wani. Garuruwa daban, tufafi daban, tsayuwar iri ɗaya.

"Shekara casa'in ina jin haushin mutumin nan," ya ce. "Na ɗauka gudu ya yi ya bar mu. Duk waɗannan ba za a ce gudu suka yi ba. Wataƙila shi ma layi ya shiga, bai kai ƙofa ba. Da wane ido zai dawo hannu rabbana?"

Anti ta juya tana gyara kwalaben magani da ba su buƙatar gyara.

"Rubuta abin da na faɗa a takardarki," ya ce. "Kada ki ƙara gishiri, malamarku za ta gane."

Na rubuta a gabansa, kalma bayan kalma.

Ranar Laraba da hantsi ya cika, ina aji. Anti ta ce ya sha shayinsa, ya ce a buɗe masa taga, ta fita wanki, da ta dawo ta tarar ya tafi. Na iso gida na ga takalma jibge a ƙofarsa, ban tambayi kowa ba.

Washegari da la'asar, da mutane suka ragu, Anti ta kira ni baranda.

"Ɗauko takardar nan ki karanta min. Ran nan ban ji da kyau ba."

Na karanta mata daga rufe siton har zuwa ƙarshe. Ba ta yi kuka ba. Ta ce in sake, na sake.

Yayyafi ya fara. Mama ta leƙo ta ce a kwashe shanya. Rigunansa biyu ne a kan igiya, waɗanda Anti ta wanke jiya da safe, sun bushe tuni. Na miƙe zan kwaso, ta riƙe min hannu. Muka zauna muna kallon ɗigon ruwa yana sauka a kansu ɗaya bayan ɗaya.