Mai Gidan Yana Bayan Coci

Kwana uku Rumyana ta yi tana koya wa uwarta, Tsvetana, yadda ake zama a gidan da tsohuwar ta shekara hamsin a ciki. Kwalaben kabeji mai tsami suka koma ɗakin ƙasa, akuya ta tafi baƙunta gidan maƙwabta, aka rataya farin labule irin na asibiti. Masu sayen gidan za su zo daga ƙasar Holan, kuma wai mutanen Holan ba sa son gidan da aka taɓa rayuwa a cikinsa.

Tsvetana ta haɗiye duk wannan. In an sayar, hawa na bakwai na wani bene a birnin Plovdiv ke jiranta, inda za ta riƙa gaisawa da tantabaru.

Ranar Asabar da safe Rumyana ta tsaya a ƙofar gida, ta nuna takardar sanarwar rasuwar ubanta da ke manne a jikin ƙofar. Shekara shida ke nan Tsvetana na sabunta ta, da hoton mijinta Dobrin sanye da hular da ya tsana.

"Mama, wannan ma a cire. Wa zai sayi gida da mamaci a ƙofa?"

"Ubanki ne fa."

"Ai ban ce maƙwabci ba ne. Na awa ɗaya kawai."

Ta ɓare takardar, ta cusa ta cikin akwatin cokula. Wannan kam ya yi wa Tsvetana ciwo. Rumyana na shiga wanka, tsohuwa ta dama fulawa da ruwa, ta manna mijinta a wurinsa.

Baƙin suka iso, mata da miji, dogaye, sai murmushi kamar an biya su. Tun kafin su ga labulen asibitin, mijin ya tsaya yana nuna hoton, ya faɗi wani abu da Turanci.

"Me yake cewa?" in ji Tsvetana.

Rumyana ta harare ta. "Ya ɗauka tallar gidan ce. Wai ko wannan ne mai gidan, yana so su yi ciniki kai tsaye."

"Kai, ga mai hankali! Gaya masa shi ne. Ni gadi kawai nake yi."

"Mama, don Allah..."

"Yana bayan coci, a maƙabarta, layi na uku, kusa da famfo. Su je su tambaye shi. In ya ce a sayar, yau ɗin nan zan kwashe kayana."

Rumyana ta buɗe baki za ta fassara, ta dubi hular ubanta a hoton, ta fasa. Tsvetana kuwa ta ratsa tsakanin baƙin, ta tafi kwanto akuyarta.