Ingilishin Tafiya Abuja

Gero yana cikin bununi aka aiko wa Ɗahiru daga Abuja cewa akwai aikin gadi a wani gida, da zarar an gama girbi. Sai dai matar gidan ba ta jin Hausa, ba ta jin Faransanci, sai Ingilishi. Shi kuwa duk shekarun da ya yi yana cirani a Kano, bakinsa bai taɓa neman wani harshe ba.

Matarsa Zuhra ta taɓa karatu a kolejin Matameye kafin aure, kuma ɗan Ingilishin da ta tsinta a can bai gama zubewa ba. Ita ta ce ya je wurin mai cajin salula na bakin tasha a zuba masa wasan Turawa. Aka zuba masa wani mai kashi-kashi, labarin wani manomi da matarsa a garin da ruwa ba ya ɗaukewa.

Kullum bayan la'asar, in ya dawo daga gona ya watsa ruwa, sai su zauna a inuwar rumbu, a jingina salula da turmi. Cikin Zuhra ya tsufa, sai ta miƙe kumburarrun ƙafafunta a kan tabarma. In ta tsinci kalma ta tsayar da wasan.

"Ka ji? Gate. Ƙofar gida ke nan. Nan ne wurin aikinka."

"Get!"

"Ja ta kaɗan mana, maigida, ba akuya kake kora ba."

Ya koyi water, ya koyi wait, ya koyi come in. Da aka zo kan sorry, ya lura da ita suke yi wa mara lafiya sannu, da ita suke ba da haƙuri, har ta'aziyya ma da ita.

"Kai, mutanen nan da rowar baki suke," in ji shi.

Inda Ingilishin Zuhra ya ƙare, sai su zuba wa mai magana ido su yi ta canka, wani lokaci har gardama. Da haka labarin ya shiga ran Ɗahiru. Gonar Baturen ta ƙi, ya nemi aiki a jirgin ruwa, Ɗahiru yana ta yi masa faɗa kan ya yi shuka a makare.

Wata rana manomin ya ɗauki jakarsa. Matar ta biyo shi har bakin ƙofa, ta riƙe hannun rigarsa, ta faɗi kalma ɗaya ƙasa-ƙasa.

"Me ta ce?"

"Stay."

"Sitee. Wato Allah ya kiyaye hanya?"

Zuhra ta girgiza kai, tana duban yatsun ƙafarta. "Zauna. Kada ka tafi."

Ya buɗe baki zai maimaita, sai ya ga hawaye yana bin kumatunta. Haihuwarta ta fari yana Kano ta same shi. Yaron bai zo da rai ba, kuma kafin ya iso an riga an kai shi makwancinsa. Tun daga lokacin ba ta taɓa tada zancen ba, shi ma bai tada ba. Ko da saƙon Abuja ya zo, "Allah ya sa alheri" kawai ta ce.

"Zuhra, fassara kike yi, ko magana kike yi mini?"

"Fassara ce." Ta share ido da gefen zane. "Ai kai ka tambaye ni."

Ya daɗe yana juya salular a hannu, har wasan ya ci gaba ba mai kallo.

Washegari bai nufi gona ba. Ya ari keke ya tafi Tsauni wurin kawunsa Manu, mai lambun rake, ya ce yana neman aikin rani.

Kawu ya dube shi sama da ƙasa. "Abuja za ka bari, ka zo ƙaiƙayin rake? Abin da ake samu nan bai taka kara ya karya ba, ka sani."

"Na sani, Kawu. Bana kaɗai."

Da ya gaya wa Zuhra, sai ta yi ta faɗan ya yi wa kansa asara, tana faɗan tana dama masa fura, har ta cika nono fiye da kullum.

Aikin gadi aka ba wani. Ɗahiru ya yi sanyin bana a cikin rake, hannuwansa duk tsaga. Ranar da naƙuda ta tashi da hantsi, shi ya kira mai babur, shi ya bi su da kayan haihuwa har gidan likita, ya tsaya a gindin bishiyar bedi yana ta zarya. Can ungozoma ta leƙo ta ce mace ce, kuma uwa da ƴa lafiya.

Aka miƙo masa jaririyar cikin zane, tana tsala kuka. Ya kai bakinsa kunnenta ya yi mata kiran salla. Ungozoma ta karɓe ta, ta ce ya bar tsayuwa haka nan, ya je gida ya ce a kawo ruwan zafi da kunu.